Gwangwanin Garwashi

Shekarar da aka fara raɗe-raɗin sunan garinmu zai koma Suleja, muna haya a wani gida mai jerin ɗakuna, ni da maigidana da 'yarmu mai rarrafe. Sauran 'yan hayar duk Kiristocin kudu ne. Wurin matar ɗayansu na koyi hura gawayin guga: a huhhuda gwangwani, a ɗaura masa mariƙin waya, a zuba gawayi da ɗan garwashi, a yi ta wulwula shi sama da ƙasa kamar ƙafar keke.

"Kar ki sassauta yana sama," in ji ta. Gaskiyarta. Muddin yana gudu, ko ƙwaya ba ta zubowa, alhali bakinsa na kallon ƙasa. A sama ba ya da nauyi sam. In ya sauko ne wayar ke jan yatsu kamar ta tsinke.

Wata Lahadi da hantsi duk sun tafi coci, maigidana kuma yana Sabon Wuse. Na shiga lungun da ke tsakanin ɗakinmu da katanga na kama wulwulawa. Wuta ta yi jawur. Sai ga 'yar nema ɗin nan, wadda na bari tana barci, ta rarrafo ta zauna a gindin ƙafata tana tafi.

Innalillahi! Na lanƙwashe gwiwar hannu don gwangwanin ya riƙa wucewa ta saman kanta. Tsayar da shi sai an bar shi ya yi lilo ƙasa-ƙasa, ga ta zaune a wurin. In na rage gudu, garwashi ya zubo mata a ka. In na jefar, bango ya dawo mana da shi. Bayana tulin itace ne, ba wurin ja da baya.

"Tafi! Tafi, don ubanki!" na daka mata tsawa. Ta ƙyalƙyale da dariya. Na ƙwala wa maƙwabta kira, shiru. Kafaɗata ta mutu, wayar ta yanka yatsuna, duk saukowa ina jin ƙullinta yana warwarewa. Tsoro irin na ranar ban sake jin sa ba.

Gwangwanin na saukowa na tare shi da tafin hannun hagu, na danne a ƙirjina, na juya mata baya. Ƙaurin fatata na fara ji kafin zafin. Ita kuwa ta ɓare baki da kuka, wai don na tsayar da wasa.