Sabunta da Wayar Baba

A ofis ba mai kiransa da sunan yanka. Sabunta ake ce masa, kuma shi ya ja wa kansa. Aikinsa gina shafukan intanet, duk wanda ya kawo ƙorafin shafi ya ƙi buɗewa, amsa ɗaya ce: "Burauzarka ta tsufa, sabunta." Ko ɗago kai ba ya yi. Har mai gadi, ranar da ya ga dugadugan takalminsa sun cinye, cewa ya yi, "Yallaɓai, sabunta."

Abin taƙamarsa zanen layi ne, ba irin hoton waya mai ɗigo-ɗigo ba. Ko ka ja shi ya kai girman bango, ba ya dusashewa. In ya ɗauko wannan bayani, nan take kowa ke tuna yana da uzuri.

Da mahaifinsu ya rasu, hoto ɗaya tak aka samu, ɗan mitsitsi na katin aiki, duk ya koɗe. Sabunta ya zauna ya bi fuskar nan layi-layi, har ɗan karkacen hular, ya ɗora a shafi. Yayye da ƙanne suka gani, aka sha kuka. Saura Mama, wadda don ita aka yi.

Mama kuwa wayar marigayin ce a hannunta, tsohuwa tukuf, an ɗaure ta da roba. Ta buɗe, sai farin akwati fayau, da ɗan rubutu a ƙasa, sunan da ya laƙaba wa zanen sanda yake aiki.

Ta gyara tabarau ta karanta a hankali. "Tsoho gyara na uku. Kai! Uban naka ne gyara na uku?"

Kalmar nan tasa ta zo har bakinsa. Ya ga yadda ta rungume wayar da hannu bibbiyu, ya haɗiye abarsa. Wallahi kunya kamar ya nutse.

A nan kan kujerar falo ya yi abin da ya sha rantsuwar ba zai yi ba. Ya mayar da zanen hoto mai ɗigo-ɗigo, ya ajiye a madadinsa, don tsohuwar burauza ta samu abin nunawa.

Fuskar ta fito. Mama ta sa yatsu ta ƙara mata girma, sai ta yi dishi-dishi. Sabunta ya miƙa hannu. "Kawo in gyara, Mama."

Ta janye wayar.

"Bar mini shi. Ai haka nake ganinsa kullum da safe, kafin in lalubo tabarau."