Wurinmu a Bayan Raga

Na daɗe a Madina har gashina ya yi fari a nan. Ina gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a wani ɗan shago a unguwar Al-Sih. Yawancin waɗanda suka san ni, da tsani a kafaɗa da carbi a aljihu suka san ni. Babu wanda zai dube ni ya ce wannan dattijon ya taɓa hawa bayan lori yana bin makaɗa gari-gari. Amma na yi, kuma ba ni kaɗai ba.

A Sudan aka haife ni, a unguwar Hausawa ta wani gari da ke bakin kogi. Mu uku ne kullum tare: ni, da wani dogo ɗan gidan mai gasa burodi, da wani gajere mai faɗin ƙirji da ke koyon kafinta. Dogon ba ya son magana. Gajeren kuwa bakinsa ba ya hutawa, ƙafarsa ma haka.

A zamanin akwai wata ƙungiyar makaɗa da ke zuwa garinmu daga babban birni, su yi wasa a filin ƙwallo. Mai jita ɗaya, mai busa ɗaya, masu ganga biyu, sai mawaƙi wanda bai cika waƙa ba. Bayan la'asar ake buɗe ƙofa. Za ka tarar an jera katako a kan durom-durom a tsakiyar fili, an kafa manyan lasifikoki. Mu wurinmu bayan raga ne, ta ɓangaren kogi, don gajeren ya ce a nan sautin ganga ke dukan ciki. Idan magariba ta yi sai a ajiye kayan kiɗa, a yi sahu a kan ciyawa, har da mai jita. Ana sallamewa a koma.

Abin da ya sa muka haukace a kansu shi ne ba sa kaɗa waƙa ɗaya iri ɗaya sau biyu. Sukan fara da abin da kowa ya sani, a yi ta amshi. Can sai mawaƙin ya ja baya ya zauna a kan akwati, mai jita ya kama wata hanyar kiɗa ya tafi, mai busa ya bi shi, su yi ta yawo har ka manta inda aka faro. Kana cikin haka, ba zato, sai ka ji sun dawo kan waƙar. Filin gaba ɗaya ya ɗau ihu. Wannan ne ya sa idan muka ji za su yi wasa a garin gaba, sai mu roƙi direbobin auduga su ɗora mu a kan kaya. Mu dawo da safe jikinmu duk fari fat, iyayenmu su yi ta faɗa.

Akwai ranar da ba na mantawa. Suna tsakiyar yawon nan nasu wuta ta ɗauke. Jita ta mutu, lasifika ta yi shiru, sai ganguna kawai. Masu gangar ba su tsaya ba. Mutane suka fara tafi. Gajeren ya cire takalminsa ya miƙa mini, ya tsallake igiyar da aka ja, ya shiga fili ya fara rawa irin ta gida, ta tsofaffin unguwarmu, wadda Larabawan garin ba su saba gani ba. Ɗan sanda ya taso zai kore shi, sai ya tsaya yana kallo. Mai busa ya sauko daga kan katako ya zo gabansa yana busa masa, shi yana juyi, wancan yana ba shi amsa. Na waiga na ga dogon yana share ido da hannun riga.

Na ce, "Kai, kuka kake yi?"

Ya ce, "Hayaƙin gasa masara ne."

Daga baya rayuwa ta raba mu. Ni na zo Saudiyya neman aiki, na ce shekara biyu zan yi, ga ni har yau. Dogon ya tafi babban birni ya zama direban bas. Gajeren ya zauna a gida, ya buɗe shagonsa, ya yi aure, Allah ya ba shi 'ya'ya mata uku. Duk sallah yakan kira ni, ya fara da, "Alhajin Madina, ka tuba ko har yanzu?" Sai ya kwashe da dariya kafin in amsa.

Da yaƙin nan ya ɓarke a Sudan, layinsa ya daina shiga. Na tambayi duk wanda na gani daga wajenmu, kowa ya ce mutanen unguwar sun watse.

Bara dogon ya zo umara daga Masar, inda ya samu mafaka wurin ɗansa. Muka haɗu a wani gidan abinci kusa da Harami. Ban gane shi da farko ba. Ya rankwafa, haƙoransa na gaba sun zube. Muka rungume juna a bakin ƙofa har ma'aikacin ya ce mu ba mutane hanya. Aka kawo ful, wato dafaffen wake, da burodi da shayi. Ya tambayi iyalina, na tambayi nasa. Ya yi maganar zafin Madina, da tsadar haya a Alƙahira. Ina ta jira ya ambaci abokinmu, bai ambata ba.

Na ce, "Ɗan'uwa, ina mutuminmu?"

Ya ajiye burodin da ke hannunsa. Ya ce, "Allah ya jiƙansa. Na so in bari sai mun ci abinci."

Sannan ya ba ni labari, a hankali, yana kallon tebur. Da faɗa ya shigo unguwarmu, mutane suka fita da abin da ke jikinsu suka taru a filin ƙwallon nan namu, don yana da katanga. Gajeren ya je da matarsa da 'ya'yansa. Dama yana da ciwon suga, ga shi ya taka ƙarfe a hanya. Babu allura, babu asibiti. Ƙafar ta kumbura ta yi baƙi. Dogon ya biyo ta garin a hanyarsa ta fita ƙasar, aka ce masa ga inda suke, ya je ya same shi kwance a kan kwali a ƙarƙashin benen 'yan kallo, an yi masa labule da zanin matarsa.

Na ce, "Ya gane ka?"

"Ya gane ni."

"Ya san inda yake?"

"Ya sani sarai. Bai yi maganar ba, ni ma ban yi ba. Ruwa ya tambaya. Sai ya ce in duba ko ƙaramar 'yarsa ta dawo daga layin abinci."

Kwana kaɗan bayan haka ya rasu. Dogon yana cikin waɗanda suka haƙa kabarin, a bayan katanga, da ƙarfen mota da kwanon cin abinci.

Ba mu taɓa ful ɗin ba. Aka kira la'asar muka shiga masallaci. Bayan an sallame aka yi sallar gawa, kamar yadda ake yi kusan bayan kowace salla a nan. Ban san mamatan ba. Na tsaya kafaɗa da kafaɗa da dogon, na yi wa abokina addu'a a cikinsu, ina jin kafaɗarsa tana rawa.

Kafin bas ɗinsu ta tashi zuwa Makka, ya ba ni lambar matar marigayin, ya ce suna wani sansani kusa da iyaka. Na koma gida a unguwar Bani Harisa na zauna a falo da takalmina a ƙafa. 'Yata ta leƙo ta ce da Larabci, "Baba, me ya same ka?" Na ce mata da Hausa abokina ne ya rasu. Ta yi mini gaisuwa, ta kawo ruwa. Ba ta san shi ba, ko hotonsa babu a gidan.

Washegari na kira matar. Da ƙyar layin ya shiga. Na faɗi ko ni wane ne, sai ta ce, "Yaya, kai ne? Ashe ka ji." Na ce Allah ya ba ta haƙuri, na tambayi yaran. Ta ce biyu suna tare da ita. Ta fara gaya mini inda ta ukun take, layin ya yanke. Na yi ta kira ranar, da washegari, da satin da ya biyo. Har yau bai sake shiga ba.