Ƙasar da ke Jikin Saiwa

Na ga wata mata tana zaune a tasha tana gyangyaɗi, takalmanta duk taɓo. Kusa da ita akwai damin wake da aka tuge har da saiwa. Kwandasta ya ɗauka ya kakkaɓe ƙasar tas, wai kada ta ɓata mota.

Ta farka ta dube shi.

"Malam, ƙasar nake so, ba waken ba. A cikinta akwai ƙwayoyin halitta masu yin maganin kashe ƙwayar cuta. Ɗakin bincike zan kai."

Ko murya ba ta ɗaga ba. Ina jin a gida ma ta gaji da wannan bayani.

Ƙasar ta riga ta cakuɗe da baƙin man mota da ya zube a tashar. Matar ta gyara mayafinta, ta tambayi motar komawa gona don ta tugo wani.