Yadda Gwaggo Ta Nemo Mini Jikokin Shuka

A shekarata ta ƙarshe a makarantar koyon kwamfuta, aikin da aka ɗora mini shi ne in rubuta manhajar da za ta riƙe bayanan duk abin da ake nomawa a yankinmu na wajen Watari. Na ce wannan ai tuwona maina. Ni da na tashi ina tsinkar tumatir a lambun Baba, wa zai koya mini amfanin gona?

Yadda ake tsara irin wannan aiki ba shi da wuyar faɗa. Za ka kafa babban aji guda, wato rukuni a cikin manhajar, ka zuba masa halayen da kowa zai gada, sannan ka fitar da ƙananan azuzuwa daga cikinsa. Na kira babban ajina Shuka. Daga shi na fitar da Hatsi, da Kayan Miya, da Noman Rani. Hatsi ya haifi gero da dawa da masara, dawa ta haifi farfara, haka dai har ƙasa. Sai malamin da ke duba aikina ya kafa mini sharaɗi: manhajar ce za ta nemo duk azuzuwan da suka fito daga Shuka da kanta, ba ni zan jera mata su da hannu ba. Ranar Litinin zan nuna masa. In ba ta yi ba, sai baɗi.

Akwai umarnin da ake ba aji ya faɗi waɗanda suka fito daga gare shi. Na ba Shuka. Ta kawo mini uku. Na sake, uku. Gero, dawa, albasa, kuɓewa, duk ko ƙyallinsu. Na ɗauka ni ce na yi kuskuren rubutu, na goge na sake rubuta su kaf har sau biyu, har da yi wa kwamfutar faɗa kamar mai ji. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma tsoro ya kama ni, don ban san da bakin da zan gaya wa Baba zan ƙara shekara ba.

A haka na tafi gida ranar Juma'a, saboda ana shirin bikin 'yar ƙanin Baba kuma Inna ta ce ko da kwamfutar a ka sai na zo. Da hantsin Asabar na samu inuwar mangwaron tsakar gida na buɗe kwamfutar a cinya. Gefena Gwaggo ce, yayar Baba, ta baje goro da alewar gayyata a tabarma. Ita ke rabon gayyata a danginmu tun ina goye, kuma ba a taɓa jin wani ya yi fushi an manta da shi ba. Ba ta karatun boko, ba ta rubuta komai. Tana ambaton suna, tana ware goro gefe.

Na gaji da kallon ukun nan nawa, sai na ce, "Gwaggo, wai ya kike riƙe mutanen nan duka a kanki?"

Ta ce, "Wa ya ce miki na riƙe su? Kaina rumbu ne? Ni 'ya'yan Malam babanmu kawai na sani, mu shida. Sai in tsaya a kan babba in ce, kai su wa ka haifa? In ya ba ni nasa, in tsaya a kan kowannensu in yi masa wannan tambayar. Haka zan yi ta gangarawa har in iske wanda bai haifa ba tukuna, sannan in dawo in kama na gaba."

Na ce, "To me zai hana ki tambayi Malam ɗin gaba ɗaya, da yana raye?"

Ta yi dariya har goro ya faɗi daga hannunta. "Allah ya jiƙan Malam, ko sunan jikokinsa rikita su yake. Uba ai nasa ya sani. Jika kuwa sai ki tambayi wanda ya haife shi."

Na mai da ido kan allon kwamfutar. Ashe Shuka ba ta ɓatar da kowa ba. 'Ya'yanta na tambaye ta, ta kuma faɗa mini gaskiya, uku ta haifa. Ni ce ban gangara na tambayi Hatsi nasa ba. Nan take na rubuta ɗan aiki guda mai tambayar aji 'ya'yansa, sannan ya maimaita kansa a kan kowane ɗa. Layi biyar ne kacal. Na danna, sai ga su sun zubo, gero, dawa, farfara, albasa, har yakuwa. Na yi ihun da ya sa kajin Inna suka watse.

Murnar ba ta gama sauka ba na ga masara ta fito sau biyu. Na sa ta a ƙarƙashin Hatsi, na kuma sa ta a Noman Rani, don a wajenmu damina da rani duk ana yin ta. Na juya wajen sabuwar malamata, Gwaggo.

"Gwaggo, 'ya'yan auren zumunci fa? Kin same su ta wajen uba, kin kuma same su ta wajen uwa."

"Goro ɗaya za su ci," in ji ta. "Kafin in ware wa mutum sai na duba tabarma, in nasa na nan sai in wuce. So kike a ce na yi son kai?"

Na ƙara layi biyu masu duba tabarma. Masara ta koma ɗaya.

Ranar Litinin malam ya karanta jerin a nutse, ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. "'Yar manoma, ina kaura?" Kunya ta rufe ni. Dawar da muke tuwo da ita kullum, ita na manta! Ya jawo kwamfutar gabansa, ya ƙara ajin kaura a ƙarƙashin dawa da hannunsa, bai ƙara taɓa komai ba ya danna. Na ƙura wa allon ido. Sai ga kaura ta fito a bayan farfara.

Ya ce, "Madalla. A wane littafi kika ga wannan hanyar?"

Na ce, "Wajen rabon goro, Malam."

Na ba shi labari, ya yi dariya har da share ido, sannan ya sa hannu a takardata ya ce in gaishe ta da kyau.

Ina fita na kira wayar Baba na ce a miƙa wa Gwaggo. Na gaya mata na ci, na gama, kuma da dabararta na ci. Ba ta tambaye ni ko mene ne aji ba. Ta rangaɗa guɗar da sai da na janye wayar daga kunnena, ɗaliban da ke baranda duk suka waiwayo. Na tsaya a gabansu ina dariya, hawaye na zuba, ban ko goge ba.