Miyar da ta tayar da Baba

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta ranar da wata baƙuwa ta shiga madafin Innarmu a Gummi ba. Shekarar ce Baba ya tashi daga doguwar jinya, amma ya ƙi abinci. Mutumin da ke cinye malmala biyu ya koma sai ruwan koko, kullum ramewa yake, mu kuwa tsoro ya cika mu.

Abu ɗaya yake ta ambato: miyar da ya sha a kurmi lokacin ƙuruciyarsa, ta 'ya'yan wani ƙaton itace, masu ƙamshi da maiƙo. Sunan da yake kiran su ba wanda ya iya maimaitawa. Inna ta gwada daddawa, ta gwada kimba da man kaɗe, duk ya kawar da kai. Ta ce da ni, "Ƙyale shi, ɗiyata, zahin ciwo na ka sa shi sambatu." Ni dai zuciyata ba ta yarda ba, don na san taurin kan da na gada a wurinsa.

Ranar kasuwa na bi masu kayan yaji ina kwatance, suna yi mini dariya. Sai wata mata 'yar kudu, matar wani mai haƙar zinariya, ta dafa ni. Ta ce a garinsu itacen nan ya fi masallaci tsayi, kuma tana da ragowar 'ya'yan a gida. Ba ta tsaya ba ni ba, biyo ni ta yi da ƙullinta.

Inna ta tsaya tana kallo, baƙuwa ta soya su sama-sama, ta daka har turmi ya yi naso, ta zuba a miyar kifi. Ƙamshi bai gama zagaya gida ba muka ji muryar Baba daga ɗaki: "Wa ad da wanga aiki?" Ya fito da kansa, yana dafa bango.

Ya cinye, ya suɗe kwano, sannan ya ɗaga kai ya ce gishiri bai ji ba. Inna ta fashe da dariya tana share hawaye: "Alhamdu lillahi, tsegumi ya dawo, malam ya warke!"

Tun ranar na koyi cewa idan tsoho ya nace a kan abu, a saurare shi kafin a ce ciwo ne. Da mun biye wa maganar sambatu, da yunwa ta kashe mana Baba a gidan da tukunya ba ta sauka daga murhu.