Dundumin da Hanta Ba Ta Warkarwa

Murfin tukunya ne ya suɓuce mini. Ya faɗi a kan daɓen tsakar gida, ya yi ta juyi yana ƙwarararam kamar ba zai tsaya ba, sannan ya yi shiru. An kira magariba ke nan, kuran, wato wutar lantarki, kuma bai dawo ba. Kunnena ya ji inda ya tsaya, na duƙa ina lalube, ban gan shi ba. Ɗiyata, wadda a lokacin ko lakwal, makarantar boko, ba ta shiga ba, ta taso daga tabarma ta ɗauko shi a gefen ƙafata.

"Inna, ga shi fa. Yana kallonki, ke ba ki kallonsa."

Uwar mijina tana alwala a bakin randa. Ta ajiye buta ta ce, "Ke, tun yaushe kike haka?"

Na ce ban sani ba, kuma gaskiya na faɗa. Sai da ta tambaya na lura cewa na daɗe da daina fita bayan magariba. In an yi biki a cikin tsohon gari sai in ce lungunan sun yi ƙunci, ko in ce kaina na ciwo. A azumin da ya wuce kuwa, hannun maƙwabciyata nake riƙewa har masallaci, ina ɗauka zumunci ne kawai.

"Dundumi ne," in ji tsohuwar. "Wannan ai ba ciwo ba ne, yunwar ido ce. Gobe a sayo hanta."

A unguwarmu an san ta da wannan. Mata masu ciki da yawa sun zo mata da makantar dare, ta ba su hanta, suka warke, ni shaida ce. Hantar akuya ake ɗorawa a garwashi. Mai dundumi ta lulluɓe kanta da zane ta buɗe ido a kan tururin, ruwan da ya tsattsafo a shafa mata a fatar ido, sauran ta cinye da jan gishirin Tigidda. Haka aka fara mini. Ina cikin zane hawaye na zuba saboda hayaƙi, ɗiyata tana waje tana gadin faranti, tana rage mini aiki a ɓoye.

Maigida direba ne, yana kai ruwa da abinci wa masu haƙar zinariya a Jado, sai ya yi makonni bai dawo ba. Ranar da ya shigo ya shaƙi gidan, ya tsaya a zaure yana dariya.

"Salamu alaikum, nan ne gidan mai tsire? A ba ni na zafi."

"Ka ji shi," in ji uwarsa. "Matarka ba ta gani da dare, kai kana ta surutu."

"To Inna, ni da ma da dare ba abin kallo ba ne. Ba ta yi asarar komai ba."

Na yi dariya har na ƙware. Mahaucin bakin kasuwa ma ya shiga cikin maganar. Duk lokacin da ya hango ni sai ya ɗaga wuƙa ya ce, "Hajiya mai dundumi, har yanzu? Akuyoyin Abzin fa sun fara gudu in sun ji takunki."

Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, ɗiyata ta yi kumatu, ni kuwa dare ya ƙara mini baƙi. Daga nan abin ya biyo ni cikin rana. Sai in bugi bakin ƙofa da kafaɗa. Sai a miƙo mini kofin shayi ta gefe in bar hannun mutum a tsaye, a ɗauka wulaƙanci ne. Wata rana na yi tuntuɓe da ɗiyata tana zaune a ƙasa tana wasa da duwatsu, rana tsaka. Ba ta ji ciwo ba, ni ce na yi kukan. A ranar maigida ya daina barkwanci ya kai ni likita.

Lokotoron ido na nan Agadas ya haska mini ƴar fitila, ya daɗe yana leƙe, ya ce a tafi Yamai, can ne suke da na'urar da ke ɗaukar hoton bayan ido. Muka hau kar, babbar motar fasinja. Duk tsawon hanyar na manna fuskata a gilashi ina kallon duk abin da ya gifta, raƙuma, rijiya, wata yarinya da jan kallabi tana kora tumaki. Ban san me ya sa nake ta haɗiyar su da ido haka ba.

A Yamai aka ɗiga mini magani, ƙwayar ido ta buɗe, komai ya yi fari fat. Lokotoron dattijo ne mai sanyin murya. Ya juyo mana da allon na'urar, na ga wani abu ja kamar rana za ta faɗi, an barbaɗa masa baƙaƙen ɗigo a gefe kamar garin gawayi.

"Madam, kin yi lakwal?"

"Har troisième, aji huɗu na sakandare."

"To kin tuna cônes da bâtonnets?"

Na tuna. Malaminmu na kimiyya ya taɓa zana ido a allo da alli kala uku, ya ce a bayan ido akwai ƙananan ƙwayoyi iri biyu, wasu na rana da launi, wasu na duhu da gefe. Na haddace su ne don jarrabawa, ban san watarana za a nuna mini nawa suna mutuwa ba.

Ya ce sunan ciwon rétinite pigmentaire, kuma gado ne. Ya tambaya ko a danginmu akwai mai irinsa. Na ce babu. Sai na tuna ƙanen mahaifina, wanda bai taɓa fita bayan isha ba, har yara suna ce masa matsoracin aljanu, kuma ya tsufa da sanda tun gashinsa bai yi fari ba. Allah ya jiƙansa, ashe duhu ne kawai yake tsoro, da dalilinsa.

Maigida ya gyara murya ya ce, "Lokotoro, hanta fa? Mun ci ta har mun gaji."

Dattijon ya yi murmushi. "Tsohuwarku ba ta yi kuskure ba. Dundumi biyu ne, Hausa ta ba su suna ɗaya. Akwai na rashin bitamin A, shi hanta na warkar da shi sarai. Wannan kuwa a cikin halittar ƙwayoyin yake, tun daga ciki aka zo da shi."

Na tambaye shi game da ɗiyata. Ya ce ba lalle ta gada ba, a dinga kai ta ana dubawa, kuma har yau alhamdulillahi ba a ga komai ba. Sannan na yi tambayar da nake ta jinkirtawa.

Bai ɓoye mini ba. Ya ce gefe zai ci gaba da rufewa a hankali, tsakiya kan daɗe, amma ba wanda zai iya ce mini har yaushe. Magani kuwa, ana bincike. Ya ce ciwon iri-iri ne da yawa, kowane da inda kuskurensa yake a cikin ƙwayar gado. A ƙasashen waje masu bincike sun kai ga gyara iri ɗaya, da allurar da ake yi a bayan ido mai ɗauke da lafiyayyar ƙwayar gadon. Sauran ire-iren ana kan gwaji. Kafin ma a san nawa wane iri ne sai an auna jini a inda ake da kayan aikin, kuma ba a ƙasarmu ba.

"Ana bincike." Da wannan kalma na koma Agadas, kamar mai ɗauke da garwashi daga gidan maƙwabta, ina tare ta kada iska ta kashe.

Uwar mijina ta saurari bayanin dundumi biyu har ƙarshe, ta ce, "To, Allah ya fi su sani." Ranar Juma'a ta aika aka sayo hanta. Har yau tana sayowa, ni kuma ina ci. Na daina shiga cikin zane dai, shi ma sai da muka yi ƴar rigima.

Shekaru sun ɗan ja tun daga nan. Da hantsi, in na gama aikin gida, nakan zauna a inuwa da telefon, in ƙara girman rubutu, in nemi labarin masu binciken da faransancina na lakwal. Rabin kalmomin ba na gane su. Na dai fahimci cewa wasu na ƙoƙarin shuka sababbin ƙwayoyi a bayan ido, wasu na koya wa ƙwayoyin da suka rage yadda za su ji haske, kuma da ɓeraye ake fara gwadawa. Ban san fuskar ko ɗaya daga cikinsu ba, ban san addininsu ba, amma suna cikin addu'ata bayan kowace salla. Ina roƙon Allah ya buɗe musu, ya sa su yi sauri. Maigida ya ce saura in roƙa wa ɓerayen lafiya. Na ce ai na riga shi.

Na yarda da ƙaddara, amma yarda ba ta hana kewa. Ina kewar taurari. A Agadas aka haife ni, inda ake shimfiɗa tabarma a tsakar gida a kwana a ƙarƙashinsu, yanzu in na ɗaga kai baƙin zane kawai nake gani. Ina kewar hasumiyar babban masallaci, mai sanduna a jikinta, yadda take tsaye gaba ɗayanta. Yanzu sai in hau ta da ido, sanda bayan sanda, kafin in kai sama ƙasan ya ɓace. Alƙur'ani ina karantawa, kalma ɗaya tana shigowa ɗaya tana fita. Duniyata ta zama kamar ta mai leƙe ta bakin tulu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne fuskar ɗiyata. Tana girma, fuskar tana sakewa, ni kuma guntu-guntu nake samunta: ido ɗaya, sai hanci, sai gefen baki. Ina haɗa su a zuciya kamar mai ɗinkin tsumma, ina tsoron ranar da gutsattsarin ma za su ƙare ban ga budurwar da za ta zama ba. Mutane kuwa, don tausayi, komai sai su kawo mini dab da hanci, atamfa ko hoto ko jariri. Ina jin nauyin in ce musu hakan ƙara ɓoye mini abin yake yi.

Wata safiya kafin ta tafi lakwal, ina tankaɗe a tsakar gida, ta rugo da gudu. Haƙorinta na gaba da ya daɗe yana rawa ya fita. Ta faɗa jikina ta buɗe baki a gaban fuskata.

"Inna, dubi giɓina!"

Na duba. Na ga leɓe, na matsa ido na ga harshe, na sake matsawa na ga haɓa. Na ce, "Masha Allah, ya yi kyau."

"Ba ki gani ba," in ji ta. Ta san muryata.

Ta zare jikinta daga hannuna ta fara ja da baya. Na ɗauka fushi ta yi. Ta wuce turmi, ta wuce randa, tana tafiya da baya tana kallona, har ta kai bakin zaure inda hasken safiya ke sauka. A can ta tsaya. Sai ga ta ta shigo cikin ƴar da'irar da ta rage mini, tun daga kitso har takalmi, da rigar lakwal da jaka a kafaɗa, tana murmushi da ƙaramin baƙin giɓi a tsakiya. Rabon da in ga mutum cikakke haka har na manta. Na saki rariya na miƙe, ƙafata ta ɗaga da kanta za ta je gare ta.

Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

"A'a Inna, kar ki matso. In na yi nisa ne kike ganina duka. Gama kallon tukuna, sai in zo ki rungume ni."