Maus a Gefen Hagu

Bayan na gama bautar ƙasa na yi ta zaman jiran aiki bai samu ba, sai wani Alhaji, abokin kawuna, ya ce in zo Kura in riƙe masa shagon kwamfuta. Wannan a farkon shekarun dubu biyu ne, lokacin da kwamfuta take baƙuwa a wajenmu. Shagon ɗaki ɗaya ne a bakin titi, bayansa injin casar shinkafa. Kwamfuta uku ne a ciki, da firinta mai buga baƙi da fari, da janareto a waje. Aikina buga takardu da koya wa masu son koyo, galibinsu malaman firamare da ma'aikatan ƙaramar hukuma.

In za a faɗi gaskiya, rabin koyarwar duk ta riƙon maus ce, wato ɗan ɓeran robar nan da ake juya kibiyar allo da shi. Wani ya ɗaga shi sama ya nuna allo kamar mai canza tashar talabijin. Wani ya tura shi har ƙarshen tebur, 'yar kibiyar ba ta kai inda yake so ba, ya ci gaba da tura shi a kan cinyarsa. Akwai wani hedimasta da in na ce ya danna sau biyu, sai ya danna ɗaya, ya saurara, sannan ya ƙara ɗaya, kamar mai sallama a gidan surukai. Ba na dariya, domin ni ma a jami'a na fara taɓa kwamfuta, kuma na tuna yadda hannuna ya yi gumi.

Maus iri biyu muke da su. Akwai tsoho mai ƙwallo a cikinsa, akwai sabo mai jar wuta a ƙasa. Yawancin mutane sun fi son mai jar wutar, don mai ƙwallon yana haɗiyar buntun shinkafar da iska ke kawowa daga injin, ya yi ta cijewa, sai na buɗe shi na kankare da tsinken ashana. Hedimastan nan ne kawai ya fi son mai ƙwallo. Ya ce abin da ba shi da nauyi a hannu bai yarda da shi ba.

Kwamfuta ta uku, wadda take lungu, ita ce ta dame ni tun makon farko. Mai ƙwallo ne a jikinta, kuma maɓallansa a juye suke. In mutum ya danna da manuniyarsa kamar yadda na koya masa, abin da yake so ba zai buɗe ba, sai wani ɗan akwati mai ruwan toka ya fito da jerin rubutu. Na je in gyara, na tarar an kulle wurin gyaran da lambar sirri. An kuma sa mata wata manhaja da ke mayar da ita yadda aka bar ta duk lokacin da aka kashe aka kunna. Na jona mata mai jar wuta, duk ɗaya, domin juyin a cikin kwamfutar yake. Na tambayi Alhaji, ya ce yaron da ya riƙe shagon kafin ni ne ya kulle ta don kada ɗalibai su yi ɓarna, shi bai san lambar ba, kuma yaron ya rasu. Sai na riƙa ce wa duk wanda ya zauna a lungun ya danna da yatsan tsakiya.

Abu na biyu kuwa har yanzu ban san yadda zan faɗe shi ba. Kullum in zan tashi nakan share ɗakin, in ajiye kowane maus a gefen dama na kibod, in kulle. Da safe in na buɗe sai in tarar da na lungun a gefen hagu, wayarsa ta zagaya ta bayan kibod. Ba kullum ba, amma da yawa. Ina iya cewa ni ne nake matsar da shi wajen goge tebur in manta. Alhaji ma yana da nasa mabuɗin. Injin casa kuma yana girgiza bango, ko da yake ban taɓa ganin girgiza ta zagayar da waya ba. Sannan in na buɗe cikinsa don kankarewa, na ɗayan mai ƙwallon busasshen buntu nake samu, nasa kuwa wani abu ne kore mai danshi, yana warin bakin ruwa. Ƙasar yankin nan a jiƙe take rani da damina, lungun kuma ya fi ko'ina sanyi. Da wannan na riƙa lallashin kaina.

Mai shayin da ke gefenmu ne ya ba ni labarin marigayin. Malam Digiri yake ce mini.

"Malam Digiri, kai da boko ya ratsa, ɓeran roba ne ya hana ka shan shayi? Ai bahago ne mai kujerar. Ba a faɗa maka ba?"

Na ce ba a faɗa mini ba.

"Bahago ne na gidi. Ubansa ya yi ta fama da shi tun yana yaro, har ɗaure masa hannun yake yi lokacin cin tuwo. Ya koma ci da dama, rubutu da dama, gaisawa da dama. A nan ne kawai yake sakewa. In ya ga dattijo ya shigo, wuf, ya mayar da abin dama."

Sai ya rage murya, ya daina juya shayin. Ya ce ranar wata Lahadi yaron ya je taya ubansa ban-ruwan tumatir a wajen Bunkure. Ya sauka gyara tiyon injin ban-ruwa a bakin babban kanal, gansakuka ta kwashe shi a kan simintin. Wani dattijon Bafulatani da ke shayar da shanu ya ruga ya miƙa masa sanda. Yaron ya miƙo hagu, har yatsunsa sun taɓa sandar, sai ya janye ya miƙo dama. Kafin daman ta kai, ruwa ya yi gaba da shi.

"Ba a karɓar abu a hannun babba da hagu," in ji mai shayin. "Haka aka koya masa."

Ban gani ba, mai shayin ma bai gani ba. Mai yiwuwa ruwa ne ya juya shi, Bafulatanin ya ga abin da ya gani. Amma haka labarin ya bazu, kuma haka ya kai kunnen uban.

Uban ya zo wata rana da hantsi, lokacin ana tsakiyar kwasar tumatir. Dogon dattijo ne, ƙafafunsa da busasshen taɓo. Ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama, bai shigo ba sai da na fita na tarbe shi. Ya ce an gaya masa akwai hoton ɗansa a cikin na'urar nan, shi kuwa ba shi da ko ɗaya a gida, sai wani ɗan ƙarami na makaranta da ya koɗe.

Akwai su kuwa, guda kaɗan, an ɗauka a bikin wani aboki da kyamarar aro. Na zaunar da shi a lungun, na buɗe masa. Ya daɗe yana kallo. Na buga masa ɗaya a firinta, fuskar ta fito baƙi ƙirin, haƙora kawai ake gani. Ya duba takardar ya mayar mini.

"Wannan ba shi ba ne, ɗana. Na cikin gilashin ne shi."

Ya dawo bayan kwana biyu, ya sake dawowa. Ina tsaye a kansa ina canza masa hotunan. A zuwa na uku ya ce, "Malam, koya mini in yi da kaina. Akwai maganar da nake so in yi, ba a gaban mutum ba. Na san mamaci ba ya ji ta hoto, ni ma na yi karatu. Amma dai ka koya mini."

A nan wahala ta fara. Tura maus ɗin ya iya da wuri, hannun manomi ne, ya san ja da sassauci. Dannawar ce ta ƙi. Yatsansa na tsakiya na hannun dama a sandare yake, lauje ya taɓa yanke masa jijiya. Da manuniya kawai zai iya dannawa, kuma duk lokacin da ya danna, akwatin nan mai ruwan toka sai ya fito ya rufe fuskar yaron. In na kawar, ya sake dannawa, ya sake rufewa. Na ce ya karkatar da manuniyar zuwa ɗaya maɓallin, sai maus ɗin ya goce, hoton ya ɓace gaba ɗaya. Na jona masa mai jar wuta ko zai fi masa sauƙi, ya ɗaga shi ya ga hasken a tafin hannunsa, ya ajiye da sauri.

"Mayar mini da wancan. Wannan mai jan ido ba na son sa."

Da na mayar, sai ya riƙe tsohon yana jujjuya shi. Robar ta yi sheƙi a maɓallin dama, kuma a gefen dama akwai baƙin tabo inda babban yatsa ya daɗe yana kwanciya. Duk wanda ya riƙe shi da dama, tabon ba ya zuwa daidai da babban yatsansa. Na ga ya sa nasa yatsan yana shafa wurin.

Ya sake gwadawa, akwatin ya sake fitowa. Ya janye hannunsa ya ɗora a cinya.

"Ɓoye mini fuska yake yi," ya ce a hankali.

Na ce, "Baba, ba haka ba ne, saitin na'ura ne kawai." Na yi ta bayani da kalmomin da ni ma na ji ba su da amfani. Na san maganin abin tun ranar farko. In ya ɗora hannun hagu, manuniyarsa za ta sauka daidai kan maɓallin da ke aiki. Amma ta yaya zan dubi wannan dattijo, da labarin da na ji, in ce masa ya yi da hagu? Na kwana ina juya maganar. Na ce ko rashin kunya ne, ko fama masa ciwo ne, ko kuma ba hurumina ba ne.

Ana cikin haka Alhaji ya ce ɗalibai sun ishe shi da ƙorafi, ya kira injiniya daga Kano zai zo ranar Asabar ya goge kwamfutar lungun ya zuba mata sabon komai. Na roƙe shi a ciro hotunan tukuna. Ya ce in ciro mana. Na gwada, wurin sa faifan kwafar bayanai ya cika da buntu ya daina karantawa, ita kuma ba ta da abin kwafa a CD. Ban san ko injiniyan zai iya ba, kuma ban yarda zai tsaya yi ba. Na aika wa dattijon ta bakin wani direban tumatir cewa ya zo kafin Asabar.

Ya zo ranar Alhamis bayan azahar. Da safen ranar na tarar da maus ɗin a gefen hagu, kuma a karon farko ban mayar da shi ba. Ba zan ce dabara na yi ba. Na miƙa hannu zan ɗauka, na ji shi da sanyi da ɗan laima, sai na fasa. Da dattijon ya zauna na kunna masa, na buɗe hoton farko, na tsaya ina jiran ya ce in matso masa da abin. Ya dubi gefen dama, babu komai. Ya dubi hagu.

"Kai ka ajiye shi a nan?"

"A'a, Baba. A nan na same shi."

"Haka yake ajiye shi?"

Na ce, "Haka aka gaya mini."

Ya tsura wa maus ɗin ido. Sannan ya goge tafin hannunsa na hagu a jikin riga, kamar wanda zai gaisa da babban mutum, ya ɗora a kai. Babban yatsansa ya sauka a kan baƙin tabon. Ya danna. Hoto na biyu ya fito, yaron yana dariya, babu abin da ya rufe shi. Ya sake dannawa, na uku ya fito.

Na fita na ja ƙofar, na zauna a bencin mai shayi. Wata malama ta zo buga takarda na ce ta dawo gobe. Mai shayin ya buɗe baki zai tsokane ni, ya ga fuskata, ya fasa, ya zuba mini ruwan zafi. Muna jin muryar dattijon ƙasa-ƙasa ta taga, ba ma jin abin da yake cewa. Yana magana yana tsayawa, tsayawar da ɗan tsawo, irin ta wanda ke sauraro. Wataƙila kuka ne yake haɗiyewa a tsakani. Ban leƙa ba.

Sai da aka kusa la'asar ya fito. Idanunsa sun yi ja amma muryarsa daidai take. Ya ce in Alhaji zai yar da tsohon maus ɗin, yana so. Na shiga na cire shi daga jiki, na naɗe wayar, na fito na miƙa masa da hannu biyu. Ya karɓa da hagu, a gaban mai shayi da duk wanda ke kan bencin, ya sa a aljihu, ya yi mana sallama ya nufi tasha.

Injiniyan ya zo ranar Asabar ya goge komai. Ya ce hotunan ba za su ciru ba, ko kuma bai so ɓata lokaci ba, ban sani ba. Aka jona mai jar wuta a lungun, ɗalibai suka daina ƙorafi, hedimasta kawai ya ce an cuce shi. Na ƙara fiye da shekara a shagon kafin in samu aikin koyarwa. Kullum da safe in na buɗe ƙofa lungun nake fara duba, kuma kullum a gefen dama nake samunsa, a bushe, inda na bar shi.